Kaboyin Fim da Kaboyin Gaskiya: Faɗakarwa ga Masu Kallo a Alaba Rago da Agege

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Legas ya san dare ma yana da tasa kasuwar. Idan aka tashi daga kara a Alaba Rago, aka zuba wa dabbobi harawa da dusa, aka sallaci isha'i, sai majalisu su cika. Wasu su nufi teburin mai shayi, wasu gidan kallo, wasu kuma su haɗa kai su uku ko huɗu a kan waya guda. Ƙwallon Turai ce ta fi jan jama'a, sai fina-finan Hausa da na Indiya da aka fassara. Amma akwai wani nau'in fim da ya riga su duka shiga idon Bahaushe, kuma har yau bai rasa masoya ba. Shi ne fim ɗin kaboyi, na dawaki da malafa da bindiga a ƙugu, musamman irin wanda ake tara manyan jarumai a ciki, a cakuɗa faɗa da barkwanci, a tashi kowa yana dariya.

Mutumin da ya wuni yana fama da rana da hayaniyar kasuwa, ga kewar iyali da ke can Arewa, yana da haƙƙin ya sami abin da zai ɗebe masa kewa. Babu mai hankalin da zai yi masa rowar wannan. Abin da ya dace shi ne mai kallo ya san abin da yake kallo: me ya sa fina-finan nan suke da daɗi, me suka nuna daidai, me suka ƙawata, me kuma suka binne. Mutanen kara sun fi kowa cancantar wannan sani, domin sana'ar da aka gina labarin kaboyi a kanta tasu ce.

Yadda kaboyi ya iso gare mu

A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, a wajen ganuwa. Sai a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, kuma malamai da iyaye da yawa ba su yi maraba da ita ba, don a lokacin ana ɗaukar silima a matsayin matattarar marasa tarbiyya. Yawancin gidajen silimar nan 'yan kasuwar Labanan ne suka mallake su, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, kuma su ne ke zaɓar abin da za a nuna. Da farko fina-finan Amurka da na Ingila ne suka cika allo, kafin na Indiya su zo su ƙwace kasuwar, daga baya kuma na kareti su biyo baya. A Legas ma haka abin yake. Wanda ya bi ta Agege a yau zai hau gadar sama da aka buɗe a 2021, wadda ake kira da sunan Pen Cinema, sunan gidan silimar da ya taɓa tara jama'ar unguwar, ciki har da Hausawan Zango waɗanda fataucin goro da shanu ya zaunar da kakanninsu a bakin layin dogo.

Da silima ta ja baya, kaset ɗin bidiyo ya karɓa, sannan faifai. A nan mutanen Alaba Rago suka zama maƙwabtan tushen abin, domin babbar kasuwar kayan lantarki ta Alaba, wadda ke yankin Ojo ɗaya da su, ta yi suna a duk Afirka ta Yamma wajen rarraba fina-finai, na halak da na satar fasaha. Yau kuma faifan ma ya kwanta. Sai dai ka miƙa memori ko waya ga mai tura fina-finai, ka biya 'yan kuɗi kaɗan, ya cika maka. Hanya ta sauya sau uku, kaboyi bai sauka daga kan dokinsa ba.

Sirrin daɗinsu

Abu na farko shi ne labarin ba ya buƙatar Turanci. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai zauna ya gane komai: ga akta, ga bos, ga garin da aka zalunta, ga ranar haɗuwa. Fuska da tufafi da kiɗa sun isa su gaya maka wane ne wane. Shi ya sa tun kafin a san fassarar fim zuwa Hausa irin ta su Algaita, ɗan kallo yake ba abokinsa labarin fim ɗin kaboyi tiryan-tiryan, har da abin da aka ce, alhali bai ji ko kalma ɗaya ba.

Na biyu, doki da fili. Bahaushe ya tashi da hawan sallah da sukuwa, ya san darajar sirdi da linzami, ya san bambancin mahayi da wanda aka ɗora. Ga wanda ke kwana a ɗan ɗaki su biyar ko shida a Legas, inda ko sararin sama sai an ɗaga kai tsakanin rufin kwano, ganin mutum ya saki linzami a fili fetal babu shinge babu cunkoso wani numfashi ne. Busasshiyar ƙasa da ƙura da duwatsun da ke cikin fina-finan nan sun fi kama da hanyar Illela ko Maraɗi fiye da Ojo.

Na uku, taron jarumai. Masu shirya fim sun daɗe da gane cewa kowane jarumi yana da jama'arsa, idan ka haɗa biyar ka haɗa kasuwa biyar. Abin kamar ranar babban dambe ne, inda aka ce zakarun Arewa da na Kudu da na Guramada duk za su shiga fili: kowa ya zo don nasa, amma kowa zai kalli na kowa. A fim ɗin The Magnificent Seven na 1960 an haɗa Yul Brynner da Steve McQueen da Charles Bronson da James Coburn da Eli Wallach, kuma wasu daga cikinsu a nan ne tauraronsu ya fara haskawa sosai. Kowannensu an ba shi halinsa: wannan gwanin wuƙa ne, wancan mai son yara, wani kuma tsoro ya kama shi yana ɓoyewa. A 1971 aka yi Red Sun, aka ɗauko Bronson daga Amurka, Toshiro Mifune daga Japan, Alain Delon daga Faransa, da Ursula Andress 'yar Suwizalan, don fim ɗaya ya ci kasuwar nahiyoyi uku. Mai kallon fina-finan Hausa ya san wannan dabara, ya san yadda fosta ke ja idan aka ga Ali Nuhu da Adam A. Zango a kanta tare.

Na huɗu, raha. Akwai fina-finan kaboyi masu nauyi da jini, irin Django na 1966, inda Franco Nero ke jan akwatin gawa da bindiga a ciki. Amma waɗanda suka fi zama a zukatan mutane su ne masu sauƙi. A 1970 wasu 'yan Italiya biyu, Mario Girotti da Carlo Pedersoli, waɗanda suka ari sunayen Terence Hill da Bud Spencer don kasuwa ta karɓe su, suka fito a They Call Me Trinity. Ɗaya siriri mai wayo da lalaci, ɗaya ƙato mai saurin fushi, faɗansu mari ne da dundu, mutum ya faɗi ya tashi yana dafe da kai, jini kaɗan ne. Wanda ya so marigayi Rabilu Musa Ibro ba zai rasa gane abin da ya sa duniya ta so waɗannan biyun ba. Haka Maverick na 1994 da ya haɗa Mel Gibson da Jodie Foster da James Garner, da Shanghai Noon na 2000 da ya ɗora Jackie Chan a kan doki.

Na biyar, kuma shi ne mafi zurfi, amana tsakanin abokai. A Butch Cassidy and the Sundance Kid na 1969, abin da ke riƙe mai kallo shi ne yadda Paul Newman da Robert Redford ke tsokanar juna, su yi gardama, amma ɗaya ba ya gudu ya bar ɗaya. Ɗan ci-rani ya san wannan a jikinsa. A baƙon gari, abokin ɗakinka shi ne uwa shi ne uba, shi zai kai ka asibiti, shi zai kai saƙonka gida.

Labari ɗaya, ƙasashe uku

Akwai labarin da ya zagaya duniya, kuma yana da kyau mai kallo ya san asalinsa. A 1954 Akira Kurosawa na Japan ya yi Seven Samurai: ƙauyen manoma da 'yan fashi ke zuwa suna kwashe amfanin gona, sai manoman suka nemo mayaƙa bakwai su kare su. Bayan shekara shida Amurkawa suka ɗauki labarin suka mayar da shi wani ƙauye a Meziko, shi ne The Magnificent Seven. A 1975 Ramesh Sippy na Indiya ya yi Sholay a kan irin wannan turba, inda tsohon ɗan sanda ya ɗauko ɓarayi biyu, Amitabh Bachchan da Dharmendra, su kamo masa Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya shekara biyar ana nuna shi a silima guda a Mumbai, kuma da wuya ka sami Bahaushen da ya yi zamanin silima bai san Gabbar ba. Da yawa cikin masu cewa su fim ɗin Indiya kawai suke kallo, kaboyi suka kalla a cikin rigar Indiya.

Wannan ya nuna labarin ba mallakar Amurka ba ne. Ko'ina aka sami talaka da azzalumi da hukumar da ta yi nisa, labarin zai sami masu saurare. A nan ne daɗinsa yake, a nan kuma ya kamata mu fara yin hattara.

Wane ne kaboyin gaskiya?

Kaboyin gaskiya ɗan koren shanu ne, lebura mai karɓar albashi. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas ba su da daraja, alhali a biranen arewa da gabas nama yana tsada. Sai aka fara kora su a ƙasa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin Abilene, daga 1867. Mutum goma zuwa goma sha biyu ke kora garken shanu dubu biyu zuwa uku, suna cin kilomita 15 zuwa 25 a wuni, tafiyar wata biyu ko uku, a kan albashin da bai wuce kimanin dala 30 a wata ba. Aikinsu gadin dare ne, da ƙetare kogi, da tare shanu idan sun firgita, da cin wake da busasshen nama. Abin da ya fi kashe su faɗuwa daga doki ne da ruwa da cuta. Masu dukiya da yawa sun hana yaransu giya da caca a bakin aiki, wasu har da ɗaukar ƙaramar bindiga.

Zamanin ma bai daɗe ba, shekara ashirin ne da 'yan kai. Layin dogo ya ƙarasa Teksas, waya mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta yanka filayen kiwo gida-gida, sannan mugun sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa. Daga nan sana'ar ta mutu, tatsuniyarta ta tashi. Wani mai suna Buffalo Bill ya fara yawon nuna wasan dawaki da harbi a 1883, kuma a 1903 aka yi The Great Train Robbery, ɗaya daga cikin fina-finan farko na wannan nau'i.

Duk wanda ya san tarihin kara zai ji kamar labarin kakanninsa ake ba shi. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, har ma shekaru da yawa bayan haka, a ƙasa ake koro shanu daga Arewa, a ƙetare Kwara, a bi ta Ilorin zuwa Ibadan da Ikko. Maƙiyin 'yan koren namu shi ne ƙudan tsando da cutar sammore, don haka dabbar da ta shiga kurmi a ƙafa dole a sayar da ita da wuri kafin ta rame ta faɗi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda masu gida da dillalai suka riƙe wannan fatauci bisa bashi da amana, ba takarda ba kotu. Yau tirela ta maye gurbin ƙafa, amma yaron da ke zaune a saman mota tsakanin ƙahonni kwana biyu ko uku, rana ta dake shi ruwa ya dake shi, yana tashin dabbar da ta kwanta don kada a tattake ta, yana tsayawa a shinge bayan shinge, har ya sauke a Alaba Rago ko kwatar Oko-Oba a Agege, shi ne ya fi kama da kaboyin gaskiya fiye da duk wani jarumin Hollywood. Ya kamata ya san haka, ya daina ganin sana'arsa ƙasƙantacciya ce a gaban abin da yake kallo a waya.

Abin da allo ya ɓoye

Fim ya nuna mana kaboyi fari ne tas. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan koren shanun nan baƙar fata ne, yawancinsu tsofaffin bayi ko 'ya'yansu, wasu da yawa kuma 'yan Meziko ne, waɗanda daga wurinsu aka koyi sana'ar da igiyar da sirdin. An shafe shekaru ana share su daga allo. Sidney Poitier da Harry Belafonte sun yi ƙoƙarin gyara wannan a Buck and the Preacher na 1972. A 2016 Denzel Washington ya jagoranci sabon The Magnificent Seven, a 2021 kuma Jeymes Samuel, ɗan Birtaniya mai tsatson Nijeriya, ya tara Idris Elba da Regina King da wasu a The Harder They Fall, inda manyan jaruman duk baƙaƙe ne.

Ɓoyo mafi muni shi ne na 'yan asalin ƙasar. A tsofaffin fina-finai ana nuna su suna ihu suna kai hari ba dalili, mai kallo yana tafi idan sojan doki suka zo suka karkashe su. Gaskiyar ita ce ƙasarsu aka ƙwace. Dokar 1830 ta kori ƙabilu daga gabas zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. An karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta, daga miliyoyi masu yawa har ta koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890. A shekarar 1890 ɗin sojoji suka kashe ɗaruruwan mutanen Lakota a Wounded Knee, ciki da mata da yara. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar kyautar Oscar don nuna adawa da yadda ake wulaƙanta mutanen nan a fim. Jikan waɗanda suka ga abin da ya faru a Sakkwato da Burmi a 1903 bai kamata ya tafa wa sojan mamaya ba tare da ya tambayi kansa ƙasar wa ake yaƙi a kai ba.

Harbin ma an zuzuta shi. Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi bayanan manyan garuruwan shanu biyar na Kansas, ya sami kisan kai 45 tsakanin 1870 da 1885, adadin da fim guda kan zubar kafin a kai rabinsa. Garuruwa irin Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, baƙo ya ajiye tasa kafin ya shiga. Shahararren artabun nan na Tombstone da aka yi a Oktoban 1881, wanda aka yi fina-finai da yawa a kansa, bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu. Wato mutanen da suka rayu a wurin da kansu sun gane gari ba ya zaunuwa idan kowa na rataye da makami.

Sai taba da giya. Jarumi ya tura ƙofar mashaya, ya kurɓa, ya kunna sigari, sai yaro ya ga kamar cikar namiji ke nan. Kamfanin da ke yin sigarin Marlboro ya shekara da shekaru yana tallar taba da hoton kaboyi. Yul Brynner, shugaban jaruman nan bakwai, cutar dajin huhu ce ta kashe shi a 1985, kuma ya bar saƙon da aka watsa bayan rasuwarsa yana roƙon mutane su bar shan taba.

Gargaɗin da ya zo daga Nijar

Ba yau aka fara wannan tunani a yankinmu ba. A 1958 Jean Rouch ya yi fim da 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abidjan, samari masu aikin dako da lebaranci waɗanda suka raɗa wa kansu sunayen jaruman silima. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban darakta, shi ne ke kiran kansa Edward G. Robinson. A Kinshasa ma, a shekarun 1950, an yi gungun samari da suka ɗauki suna da shiga daga Buffalo Bill. Saurayin da ya baro gida, ba shi da kowa ba shi da komai a babban birni, yana da saurin aron rigar wanda ya gani a allo.

A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, tare da Zalika Souley da Djingarey Maïga. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Turawa. Da farko abin dariya ne. Daga nan suka shiga satar dawaki, suka raina dattawa, suka addabi gari, har wasan ya koma tashin hankali a tsakaninsu. Kimanin shekara sittin ke nan da ɗan yankinmu ya hango inda kwaikwayo ba tunani yake kai matasa, kuma ya faɗe shi da harshen fim ɗin kaboyin kansa.

A wurinmu bindiga ba wasa ba ce

Da yawa daga cikin mazauna Alaba Rago da Agege 'yan Zamfara ne da Sakkwato da Katsina da Kebbi da jihar Maraɗi. Wasu ba neman kuɗi kaɗai ya kawo su ba, gudun tsira ne. Ƙauyen da 'yan bindiga ke sa wa haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa, a wurin Bajapane ko Ba'amurke labarin fim ne, a wurin waɗannan bayin Allah kuwa kiran wayar jiya ne. Don haka idan suka ga mutum bakwai sun share azzalumai cikin awa biyu, dole zuciya ta yi sanyi.

Ba fim ne ya kawo ta'addancin daji ba. Tushensa rashin adalci ne, da satar shanu, da toshe burtali da mashaya, da talauci, da kwararar makamai, da hukumar da ba ta zuwa a kan lokaci. Amma fim yana koyar da wani darasi a ɓoye: cewa maganin mugu mai bindiga shi ne nagari mai bindiga, kuma da an harbe bos magana ta ƙare. Arewa ta gwada wannan hanya ta ga ƙarshenta. Inda 'yan sa-kai suka yanke hukunci da hannunsu, suka haɗa mai laifi da marar laifi saboda ƙabilarsa, ramuwar gayya ce ta biyo baya, ƙauyuka suka tashi. A fim akta ba ya kuskuren mutum, harsashinsa ba ya samun yaro, wanda ya kashe ba shi da ƙane mai ɗaukar fansa. A daji duk waɗannan suna faruwa. Ko a cikin The Magnificent Seven, huɗu daga cikin bakwai ɗin sun mutu, kuma fim ɗin ya rufe da nuna cewa manoma ne suka ci riba, masu bindiga ba su da gida ba su da zuriya. Wannan ɓangaren ne masu kallo suka fi saurin mantawa. Yanzu da 'yan bindiga ke fitowa a TikTok suna nuna makamai da damman kuɗi, yaran da suka saba ganin mai bindiga a matsayin gwarzo suna cikin haɗarin ruɗuwa.

Abin da ya rage gare mu

Iyaye da yayye su san abin da ke cikin memorin yaro. Fina-finan kaboyi ba ɗaya ba ne: akwai na dariya da iyali za su iya kallo tare, akwai masu yankan kunne da fyaɗe da tsiraici. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa alamar shekaru, amma fim ɗin da aka tura daga kwamfuta zuwa waya bai bi ta hannun kowa ba. Babba ya fara kallo kafin ƙarami, idan kuma an kalla tare a yi hira a kai: wa aka zalunta, ƙasar wa ce, me zai faru washegari bayan harbin?

Masu gidajen kallo da masu tura fina-finai su ji tsoron Allah a sana'arsu. Kada a cika wa ɗan shekara goma sha biyu waya da abin da ba za ka nuna wa ɗanka ba. A kiyaye lokutan salla, a rufe da wuri, domin wanda zai yi sammakon kara ko dako ba ya buƙatar kwana a gaban allo. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai suna da bakin da za su sa a wannan, cikin nasiha da lalama.

Matasa kuma su ɗauki abin da ke da kyau, don akwai shi: riƙon amana, tsayawa wa mai rauni, cika alkawari, rashin gudu a bar aboki. Waɗannan duk tarbiyyarmu ta riga ta koyar da su. Sigari da kwalba da ɗaukar doka a hannu a bar wa allo.

Kira na ƙarshe ga masu shirya fina-finan Hausa ne. Amurkawa sun ɗauki sana'ar shekara ashirin sun ciyar da duniya labari fiye da shekara ɗari. Mu muna da hanyar shanu da goro tsakanin Arewa da Ikko wadda ta fi tasu tsawon rai, da madugai da 'yan kore da dillalai da masu gida, da ƙetaren Kwara, da barkwancin da ke tsakanin Bahaushe da Bafillace da Bayarabe a bakin ciniki. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar ta tara jarumai da masu ban dariya da za su iya ɗaukar irin wannan labari. Dattawan da suka ga ƙarshen zamanin kora a ƙasa da lokacin lodin jirgi suna nan a Agege da Alaba Rago da Sabon Ibadan, amma kullum raguwa suke yi. Marubuta da daraktoci da ɗaliban jami'a su je su zauna da su, su naɗi bayaninsu tun suna da rai, a yi fim ɗin da yaron saman tirela zai kalla ya ga kakansa a matsayin jarumi, kuma ya ga yadda amana da haƙuri da sulhu suka kai dukiya Legas shekara da shekaru.